Shago Ba Ƙofa

Shekara goma sha tara ina kakkaɓe alli a gwiwar wando,
ina koya wa 'ya'yan mutane
yadda ake raba bakwai gida uku a bar saura.
Ni sauran ne ban taɓa gani ba.
Albashi ya sauka ran ashirin da takwas,
ran biyar ga wata ya yi sallama,
ko ruwan baƙunta bai tsaya sha ba.

Wata Alhamis na ajiye rajista gaban shugaban makaranta.
Ya ce, Malam Lurwanu, kasuwar me?
Na ce, takalma.
Ya dubi ƙafata, ya yi shiru.

Akwai wani baduku, Sada, a lungun Ƙofar Guga,
hannunsa ya san fata kamar ya yi kiwonta.
Shi ya ɗinka, ni in ɗauki hoto.
Hoton farko yatsana ya rufe rabinsa.
Saude, 'yata ta biyu, ta karɓe wayar,
ta shimfiɗa farin zanen uwarta a bakin zaure,
ta ce, Baba, jira rana ta karkata,
fata ba ta son tsakar rana.
Na ce to.
Ni da nake cewa a yi shiru a aji.

Inna ta tambaye ni inda shagon yake.
Na miƙa mata waya.
Ta juya ta, ta duba bayanta,
ta ce, shagon da ba benci,
ina mai gaisuwa zai zauna?

Kwana goma sha ɗaya ba wanda ya taya.
Masu yabo kuwa kamar ƙudan rumfar mahauta.
Wani ya rubuto, nawa ƙarshe?
Na faɗa. Har yau yana shawara.
Wani ya yi tayin da ko zare bai biya ba,
na danna masa albarka da babban yatsa,
kalmar ta tafi ba murya, ba murmushi,
ba wanda zai juya baya in kira shi.

Sai ga kuɗi daga Fatakwal, bayan la'asar.
Wayar ta yi ƙara a aljihu, na sake alwala.
Na naɗe kwali, na hau mai babur zuwa tasha,
na yi wa direba bayani har ya gaji,
na rubuta lamba a sama, na rubuta a gefe.
Mako guda kaya suka dawo.
Arba'in da uku aka ce,
arba'in da biyu na aika.
Malamin lissafi.
Sada ya yi dariya har basilla ta faɗi.

Akwai aljihun tebur a tsohon ofishina
inda na tara wayoyin da na ƙwace.
Jiya wani ya sayi ƙafa huɗu, zuwa Abuja,
bai nemi ragi ba.
A ƙarshe ya rubuto: Malam, ni ne Mani,
na bencin baya, kusa da taga,
tawa ce mai fasasshen gilashi.
Na daɗe ina duban saƙon.
Na rubuta, Allah ya yi albarka,
na goge, na rubuta, ka yi haƙuri,
na goge.
Na ƙara masa man goge fata a kwalin.

Riba dai ba ta kai a yi mata guɗa ba.
Wani watan data ta cinye ta, wani watan tasha.
Amma da dare, bayan Isha,
in an ɗauke wuta unguwar ta lafa,
nakan zauna da tsohon littafin darasi,
in raba abin da ya shigo gida uku:
na Sada, na cefane, na fatar gobe.
Ranar Talata an bar saura.
Naira ɗari bakwai.
Na zagaye ta da jan biro.